Takarar Kujerar Komin: Alkawari da Iyakar Inda Hannu Ke Kaiwa

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan jaridarmu ya gabatar a Maraɗi, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati. Mun buga shi ɗungurungum saboda masu karatunmu na Damagaram, Tawa da Yamai.



Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, shugabannin kasuwa, malaman lakkwal, ma'aikata na kowane fanni, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka bar rumfunanku da ayyukanku kuka zo. An nemi in yi magana a kan mutumin da ke son tsayawa takarar konsaye ko magajin gari, ya ce wa jama'a zai sauƙaƙa tsadar rayuwa, ya gyara ilimi, ya samar da muhalli, ya tabbatar da tsaro. Na san akwai mai cewa a ransa: wane zaɓe kuma? Gaskiya ne, a watan Afrilu na 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun komin, sun naɗa wakilan gwamnati a madadinsu, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ranar da akwatin zaɓe ya dawo, wanda bai yi shiri ba zai sake sayen tsohon kaya a sabon buhu.

Mu tuna inda muka fito. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, amma mulkin gari bai dawo hannun mutanen gari nan da nan ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi ranar 7 ga Fabrairu 1999, kotun ƙoli ta soke sakamakon wurare da dama, rikici ya tashi, kuma ranar 9 ga Afrilu aka kashe shugaba Ibrahim Bare Mainasara. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi konsaye a komin 265 suka kama aiki. An sake zaɓe a 2011, an sake a watan Disamba na 2020. Ke nan mun gwada abin har sau uku, kuma shekara ashirin ta isa a bambance mai aiki da mai surutu.

Abu na farko da ɗan takara ya kamata ya faɗa wa jama'a shi ne yadda kujerar take. A tsarin da muka yi aiki da shi, talaka bai taɓa zaɓen magajin gari da hannunsa ba. Jerin sunaye yake zaɓa, konsaye kuma su zauna su fid da magaji daga cikinsu, sarakuna da depite suna zaune a majalisa da bakin shawara, ba su da ƙuri'a. A wannan zama na biyu ne ake cinikin da ba a yi a fili, kuma magajin da ya hau kujera da kuɗin wani, bashin wannan mutum zai fara biya kafin ya waiwayi unguwa. Asusun komin kuwa daga aljihunku yake fitowa: lanhon gari, tikitin kasuwa, kuɗin tasha, kuɗin kara, da kason patanti, sai ɗan abin da ke zuwa daga gwamnati ta hanyar hukumar ANFICT da daga masu hannu da shuni na waje. Wanda bai taɓa karanta kasafin kuɗin garinsa ba, bai san nawa ke shiga ba, bai san nawa albashin ma'aikatan meri ke cinyewa ba, kada ya yi mana alkawarin ko rijiya guda.

Mu ɗauki tsada, tunda ita ce ke hana maigida barci. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. A 2005 aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi, ƙungiyoyin farar hula suka fito, aka rufe kasuwanni, har gwamnati ta ja da baya. A 2023 takunkumin CEDEAO da rufe iyakoki suka taɓa shinkafa, magani da wuta. A 2024 gwamnati ta rage litar mai daga sefa 540 zuwa 499. Cikin waɗannan huɗu babu wanda aka yanke a zauren magajin gari. Don haka ɗan takarar da ya ce zai sauko da kuɗin tiyar hatsi, ko bai san aikin ba, ko ya raina hankalinmu.

Amma akwai tsadar da gari ke ƙara wa kansa, ita kuwa tana hannun magaji. Rumfar kasuwa da aka ba ɗan jam'iyya, shi kuma ya ba ɗan kasuwa haya ninki biyu, mai sayen sabulu ne ke biyan bambancin. Tikitin da ake karɓar kuɗinsa ba a yaga shi ba, igiyar da ake tare mai amalanke da ita a bakin gari, hanyar ƙauye da ke yankewa da damina har motar hatsi ta kasa fitowa, duka suna komawa kan farashi. Idan OPVN ta kawo hatsin farashi mai rahusa, wa ya rubuta sunayen masu saye, kuma buhu nawa ya kwana a shagon wani? Matar da ke sayen ruwa wajen ɗan garuwa a bayan gari tana biyan fiye da mai pampo a tsakar gidansa, kuma mutanen Damagaram sun fi kowa sanin wannan. Pampon unguwa guda da aka kafa a inda ya dace ya fi jawabi goma a kan tsada.

Sai ilimi. A 2016 gwamnati ta sa hannu a kan dokar miƙa wa komin wani ɓangare na aikin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. An miƙa aikin a takarda, kuɗin kuwa ya riƙa tafiyar hawainiya. Duk da haka ginin aji, kujerun yara, ruwan sha, makewayi da katangar lakkwal abubuwa ne da majalisar gari ke iya sawa gaba a kasafinta. Ba mu manta da 2021 ba. A watan Afrilu gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A watan Nuwamba irin wannan masifa ta auku a nan Maraɗi, muka binne yara fiye da 20, waɗansu ba su wuce shekara shida ba. Allah ya jiƙansu. A lokacin hukuma da bakinta ta ce akwai azuzuwan zana kimanin dubu 36 a ƙasar. Ɗan takara ba zai iya biyan malamin kwantaragi albashinsa ba, wannan aikin Yamai ne. Amma yana iya ƙirga azuzuwan zana na garinsa ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi nawa zai mayar na siminti kowace shekara, ya faɗi inda kuɗin zai fito, ya kuma bar kwamitin iyaye na COGES su ga takardar ɗan kwangila. Ya kuma yi rantsuwa ba zai taɓa filin da aka ware wa lakkwal ba, wanda shi ne ya kawo mu magana ta uku.

Muhalli shi ne inda magadan gari da yawa suka zame. Yankan filaye ya zama saniyar tatsa: idan asusu ya bushe, sai a shiga gonakin bakin gari, a yanka, a sayar, a biya albashi, a sallami magoya baya. Ma'aikatan da ke nan sun tuna lokacin da aka biya su bashin albashin shekarun 1990 da filaye, da yadda da yawa suka sayar da takardunsu da araha ga masu kuɗi saboda tukunya ba ta jira. Sakamakon muna ganinsa: unguwanni babu pampo, babu wuta, babu magudanar ruwa, fili guda da takarda biyu, mutum ɗaya da kango ashirin, malamin lakkwal kuwa yana zuba rabin albashinsa a haya. A Yamai dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa birni ɗamara, gine-gine sun ci wani babban yanki nasa. Ruwa kuma ba ya manta hanyarsa. A 2020 kogi ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Yamai. A 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a ƙasar, ta rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, ta sa aka ɗage komawa lakkwal har ƙarshen Oktoba. Mai neman kujera ya gaya mana ƙarara: zai hana gini a hanyar ruwa ko da mai ginin surukinsa ne? Zai kafe sunayen waɗanda aka ba filaye a bangon meri kowa ya karanta? Zai yashe magudanai a watan Mayu, ko sai gidaje sun faɗi ya zo da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto?

Game da tsaro, nan ma a yi gaskiya. Soja, jandarma, ƴan sanda da gardi na gwamnatin ƙasa ne. Ƴan bindigar da suka addabi Madarunfa da Gidan Runji da satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa, har dubban maƙwabtanmu na Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo mana a 2019, sun fi ƙarfin magajin gari. Amma shi ne ya fi kowa kusa da mai unguwa da hakimi, shi ne kunnen da ya kamata ya fara jin baƙon da ba a gane ba. Fitilar titi, rajistar ƴan kabu-kabu, tsarin tasha, hanyar motar kashe gobara a cikin kasuwa, sa ido kan ƴan banga don kada mai gadi ya zama alƙali, duka aikinsa ne. Haka nan burtali da mashaya. Abin da ya faru a Toda a 1991, inda aka kashe mutane fiye da 100 a rikicin manoma da makiyaya, ya isa darasi, kuma dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye domin a kashe irin wannan wuta tun tana ƙarama. Matasan da ke kwana a fada ba aikin yi, wanda ya raba musu kuɗi lokacin kamfe don su yi masa ihu, kada ya dawo yana kuka da su bayan zaɓe.

Alhazai, da ku nake yanzu. Ku ne kuke cika asusun komin, kuma sau da yawa ku ne kuke ɗaukar nauyin ƴan takara. Idan ka zuba kuɗi domin a ba ka kwangila ko fili, ka sani ajin da aka gina da siminti rabi jikanka ne zai zauna a ciki. Ku nemi rasit a kan kowace dala, ku tura wakilinku ya zauna ranar da ake muhawarar kasafin kuɗi. Ku kuma ma'aikata, ku da kuka san takarda da lissafi, kun daɗe kuna cewa siyasar gari ƙazanta ce, kuna barin ta ga wanda ya fi baki. Wanda ya ƙi shiga rijiya ba shi da ta cewa a kan ɗacin ruwa. Mai niyya ya fara tun yau: ya san unguwarsa gida gida, ya san yawan azuzuwanta da pampunanta, ya shiga kwamitin lakkwal ko na kasuwa a ga kamun ludayinsa. Iyayenmu mata kuma, waɗanda su ne ke ɗebo ruwan, su ne ke auna hatsin, kada a sa sunansu a jeri don cika ƙa'ida kawai.

Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi abu uku: wannan aikin yana hannun komin ko a'a, nawa zai ci, kuma daga ina kuɗin zai fito. Wanda ya amsa, ku rubuta amsarsa ku ajiye, mu ma a jarida za mu ajiye, domin mu tuna masa bayan shekara guda. Wanda ya kasa, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi bakin ƙofa da mutunci.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.