Mu Je Ɗan Saga Mu Ga Itatuwa

Yau zan ɗauke ku mu yi 'yar tafiya, muna zaune a nan inda mu ke. Inda za mu wani ƙauye ne a ƙasar Nijar, sunansa Ɗan Saga. Ba shi da dutse mai tsawo ko kogi mai gudu, amma baƙi su kan zo daga nesa takanas domin su gan shi. Abin da su ke zuwa gani kuwa itatuwa ne.

In mutum ya tashi daga Katsina, sai ya bi ta Jibiya ya ƙetare iyaka ya shiga Maraɗi. Daga Maraɗi ya kama babbar hanyar Damagaram, ya yi gabas kamar mil 50, sai ga shi a Agiye. Nan zai bar kwalta ya yi arewa cikin rairayi. Mutanen wurin Hausawa ne 'yan'uwanmu. Gero su ke nomawa da dawa da wake da gyaɗa, kamar mu. Ƙasarsu jigawa ce, ruwan samansu kuwa bai kai namu ba. Ku riƙe wannan, domin kada wani ya ce albarkar ruwa ce ta ba su abin da za mu gani.

Tun muna nesa za mu hango duhun itatuwa ya tare gabanmu. Baƙo ya kan ce, "To, ga ɗan daji nan, bayansa gari ya ke." Sai ya matso ya ga kunya-kunya a ƙasa, ga karan gero a tsaye, ga iyakar gona. Ashe dajin nan gonakin mutane ne. Kowane itace da mai shi, kamar yadda kowace akuya ta ke da mai ita.

Amma kada mu faɗa gonar mutane haka kawai. Mu fara shiga gari mu gai da mai gari, mu faɗi abin da ya kawo mu, a haɗa mu da wanda zai zaga da mu. A garin nan, in baƙo ya karya reshe ba da izini ba, sai an tambaye shi dalili. Cikin gari ba wani abin mamaki. Ga ɗakunan ƙasa da na ciyawa, ga rumbuna, ga mata a bakin rijiya, ga amalanke da shanun ja. Sai dai ku dubi abu guda: ku dubi tarin itacen wuta a bakin gidaje, ku dubi ƙiraren da a ka jingina a jikin danga. Ba daga wani daji mai nisa a ka ɗauko su ba.

To, mu fita bayan gari ta burtali. Itatuwan da za mu tarar duk kun san su. Wadda ta fi yawa ita ce taramniya. Sa'an nan ga sabara, ga kalgo, ga aduwa, ga magarya, ga ɗanya, ga gawo nan da can ya fi kowa tsawo. Wani zai yi dariya ya ce, "Sabara ce za a kai mu gani? Ai ita mu ke sarewa kowace bazara mu cinna mata wuta." Gaskiya ne. Amma ku dubi sabarar Ɗan Saga da kyau. Tamu ta kan bazu a ƙasa, rassa ashirin ko talatin, ba wanda ya kai kaurin yatsa biyu. Tasu kuwa an rage ta, an bar mata ƙafa uku ko huɗu, sun miƙe sun wuce kan mutum. A gindinta ga rairayi mai laushi da busasshen ganye, wanda iska ta kwaso ta jibge. Ku tona da hannu ku gani, ƙasar wurin ta fi ta fili duhu. Nan gero ya kan fi yin kyau.

Gawo kuwa sai mun tsaya a kansa kaɗan, don halinsa dabam ne. Da damina, lokacin da sauran itatuwa su ke cika da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma ya zama taki daidai lokacin da shuka ta ke bukata. Da rani, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya yi kore shar, domin saiwarsa ta kan nutse ƙwarai har ta kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Har wa yau akwai waɗansu ƙananan halittu a saiwarsa, ido ba ya ganinsu, suna jawo abincin shuka daga iska suna sa wa ƙasa, irin waɗanda a ke samu a saiwar wake da gyaɗa. Ba don kome ba ne tsofaffi su ka girmama gawo. A Damagaram har ana ba da labarin sarakunan da, waɗanda su ka sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi.

Yanzu mu nemi inuwa mu zauna, in gaya muku yadda ƙasar nan ta ke a da, gama wanda ya gan ta yau ba zai yarda ba.

A zamanin mulkin Faransa, cikin 1935, an kafa dokar daji wadda ta mai da itatuwa na hukuma. Bayan samun mulkin kai, dokar 1974 ta bi sawunta. Akwai itatuwan da in manomi ya sare, ko ya sassake, ko da a cikin gonarsa ne, sai ma'aikatan daji su ci shi tara. To, ku yi tunani. Itacen da ba naka ba, wanda in ya girma zai jawo maka tara, za ka bar shi ya girma? Sai kowa ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin wani ya gani. Ga shi kuma malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda a ka share tas, don garmar shanu ta wuce. Mutane na ƙaruwa, ana ta faɗaɗa gonaki. Sa'an nan fari ya zo a 1973, ya sake dawowa a 1984.

Ƙasa ta zama fili fetal. In an yi shuka da ruwan fari, sai iska ta taso da rairayi ta yanke tsiron ko ta binne shi. Manomi ya sake shuka, wani lokaci har sau uku, iri ya ƙare a rumbu. Mata su yi tafiya mai nisa neman itace, in ba su samu ba su hura wuta da kara da kashin shanu, watau abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki. An kashe kuɗi mai yawa wajen renon itatuwa a lambu ana rarrabawa a dasa, amma mafi yawansu ba su kai shekara ba. Waɗanda rana ba ta ƙone ba, gara ko awaki su ka cinye.

Akwai wani Bature mutumin Ostareliya, sunansa Tony Rinaudo, yana aikin gona da mishan a Maraɗi. Shi ma ya sha wahalar dashen nan. Wata rana a 1983 ya tsaya a kan hanya don ya rage wa tayar motarsa iska saboda rairayi, sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefe. Da ya duba ganyen, ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da a ka sare. Kututturen bai mutu ba. Saiwarsa tana nan a ƙasa da ranta, kowace shekara tana turo toho, kowace shekara kuma ana sarewa. Irin waɗannan kututture kuwa suna nan ba iyaka a gonaki. Tohonsu ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba, don tsohuwar saiwa ce ta ke ciyar da shi, ta riga ta san inda ruwa ya ke.

Da yunwar 1984 ta zo, a ka riƙa ba mutanen ƙauyuka wajen 100 hatsi a kan sharaɗin su bar toho a gonakinsu. An bar itatuwa kamar 500,000. Da a ka daina ba da hatsin, sai a ka sare wajen kashi biyu cikin uku. Ina ganin wannan ba abin mamaki ba ne, gama aikin da a ka yi don ciki ya kan ƙare ranar da ciki ya cika. Amma waɗanda su ka bar nasu sun ga amfani: iska ta ragu a gonarsu, ga itacen wuta, ga abincin dabba, gero kuma bai ragu ba. Maƙwabci ya leƙa ya gani, shi ma ya gwada. Haka abin ya yi ta yaɗuwa daga gona zuwa gona, har a ka sa masa suna sassaben zamani. Kada kuma a ɗora wa Bature yabon duka. Dabarar tsohuwa ce a wurin manoma, kuma a ƙasar Magarya da Matamai da Mirya mutane sun cika gonakinsu da gawo bisa ga ra'ayin kansu.

Mutanen Ɗan Saga sun kama aikin a shekarun da su ka biyo bayan yunwar nan. Abin da ya ɗaga sunansu kuwa shi ne yadda su ka yi da ɓarayin itace. Mutum ya yi shekara uku yana renon itace, dare ɗaya wani ya zo ya sare. In abin ya yi yawa, kowa zuciyarsa sai ta mutu. Sai su ka kafa 'yan kwamitin tsaro, maza da mata, suna zagaya gonaki, a ka kuma sa tara a kan mai sata. Su ka jawo makiyaya cikin shawara, don Bafillace ma yana da bukatar ganye da rani, kuma shanunsa su ne masu kawo taki. Daga baya su ka shirya kasuwar itace tasu. A shekarar 2005, bayan fari da fara sun ɓata amfanin gona a Nijar, masu itatuwa sun sami abin sayarwa su sayi hatsi, ba su fara da sayar da dabbobinsu ba.

Masana sun gwada hotunan da a ka ɗauka daga sama a 1975 da na wajen 2005. A wani rahoto na 2009 sun ƙiyasta cewa gonakin da a ka yi wa irin wannan aiki a Nijar sun kai hekta miliyan 5, watau fiye da eka miliyan 12, da itatuwa wajen miliyan 200. Hukuma ma ta sauya doka. An yi sabuwar dokar daji a 2004, a 2020 kuma a ka fito da wata wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Ba zan ɓoye muku wahalarsa ba. Shekarar fari maƙwabta za su ce kai malalaci ne, ka bar gonarka da ƙazanta. Masu tsoron tsuntsu za su ce ka gina wa jan-baki gida. Itacen da ba a rage masa rassa ba kuma, ban da gawo, lalle zai yi wa shuka inuwa. Awaki su ne babbar masifa cikin shekara biyun farko. Kuma dokar Nijar ba ita ce tamu ba, saboda haka ya kamata mutanen gari su zauna da dagaci da malamin daji tun da wuri, a san matsayin itacen gona kafin ya girma.

Wanda ya ke so ya gwada, ga yadda a ke yi. Da bazara, kafin ka sa gatari, ka zaga gonarka ka ƙirga kututturen da ke da toho. Ka zaɓi waɗanda ka ke so, kamar 15 ko 20 a eka guda don farawa. A kowane gindi ka bar toho uku zuwa biyar, waɗanda su ka fi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu, kada ka wuce nan, don in ka yi musu aski duka iska za ta karya su. Itace tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wuƙar ko gatarin ya zama mai kaifi, sara kuma daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura tsumma a jiki, yaro da baƙo su san da mai shi. Rassan da ka sare, masu ƙaya ka kewaye gindin da su saboda awaki, sauran ka kai gida a hura wuta. Bayan wata uku ko huɗu ka koma ka cire sabon tohon da ya fito. Daga shekara ta biyu ko ta uku kana iya sare ƙafa guda kowace shekara, ka bar wani sabon toho ya maye gurbinta.

Iyakar tafiyarmu ke nan yau. Wanda ya ƙirga kututturen gonarsa, ya zo mana da lissafin ran zama mai zuwa, da sunan kowane itace.