Watannina na farko a aikin sa ido kan bin ƙa'ida

 Shugabanni sun ce in yi muku magana kan aikin da na kama, tunda wasunku na ta tambayata wai me nake yi ne a biro. Har yanzu ɗalibi ne ni a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, don haka kada ku ɗauke ni gwani. Abin da na gani shi zan faɗa.

A takardar kwangilata da Faransanci aka rubuta sunan aikin, responsable conformité. Da Hausa sai in ce mai sa ido kan bin ƙa'ida. Asusun ajiya da bashi ne ya ɗauke ni, mai rassa a yankunan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Ba na ƙirga kuɗi, ba na ba da bashi. Nawa shi ne in duba ko abin da muke yi ya dace da dokokin BCEAO, babban bankin ƙasashe 8 na UEMOA, da na ARSM mai kula da ƙananan asusai a Nijar. In kuɗi suka shigo ta hanyar da ta sa shakka, doka ta ce a kai rahoto ga CENTIF, kuma haramun ne a tsegunta ma mai kuɗin.

Dokokin ba su ba ni wahala ba, karatu ne, mun saba. Satin farko ma dosiye kawai na yi ta buɗewa: wannan katin shaidarsa ya ƙare, wancan babu hoto, wata tsohuwa ko takardar haihuwa ba ta da ita. Irin wannan ba korar mutum ake ba, nuna mishi ake yadda zai je kotu a yi mishi takardar da ke maye gurbinta.

Abin da ya hana ni barci mutane ne. Kun san garuruwanmu, kowa ya san uban kowa. Bayan kakar aya, wani dattijo ɗan kasuwa, abokin mahaifina tun suna samari, ya zo zai buɗe asusu da sunan yaron shagonsa, alhali kuɗin nasa ne. Ba na zargin shi da komai, wataƙila dangi yake gudu kada su san abin da ya tara. Amma ƙa'ida ta ce sai an rubuta ainihin mai dukiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, a yi haƙuri, sunanku za a sa." Ya dube ni ya ce, "Kai da na je sunanka, yau kai ke tambayata takarda?" Ya tashi ya fita. Kafin magariba magana ta kai gida.

Mahaifina bai yi faɗa ba. Tambaya guda ya yi mini: in yaron nan ya mutu, magadansa suka ce kuɗin ubansu ne, wa zai tsaya ma Alhaji? Wallahi ni ban ma kawo wannan ba, tsoron masu bincike kawai nake. Tun ranar na canza yadda nake bayani. Na daina ce ma mutane "doka ce", sai in nuna musu abin da takardar za ta kare musu.

Ku tuna kuɗin wa ke cikin asusun. Akwai na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, tsarin da CARE ta fara a nan jihar Maradi a 1991. Mace ta sai da ƙuli-ƙuli, ta yi zubin dala ashirin-ashirin har ya kai jika, aka kawo mana. In hukuma ta rufe asusu saboda sakacinmu, ita ce za ta fara kuka.

Wanda Allah ya ba irin aikin nan a cikinku, ga abin da na koya da wuri. Duk abin da ka lura da shi ka rubuta, ka sa kwanan wata, don maganar baki ba ta zama shaida. Ka tambayi tun ranar farko wa kake kai ma rahoto, saboda wata rana kuskuren na wanda ke sama da kai ne. Kyauta kuma, ko buhun gero ne, ka maida cikin ladabi. Masu karɓar kuɗi a kanta kada ka shigo musu kamar jandarma. Sun riga ka shekaru a wurin, su suka san wane ne baƙo a kasuwar Cadawa da wane ne ɗan gari. Ni na yi wannan kuskuren, sai da na yi wata guda ina cin abincin rana ni kaɗai.

Shi kuwa Alhaji bai dawo ba. In na gaishe shi a masallaci yana amsawa, amma a taƙaice. Mahaifina ya ce in bar mishi, zai je da kansa bayan sallar Juma'a.