Wane faɗa ne ya fi a damben keji? Gardamar majalisarmu ta Lausu

Yau ba ƙwallo za mu taɓa ba, 'yan Madrid da 'yan Barca ku ɗan huta. Maganar damben keji za mu yi, wato UFC, kuma abin da ya jawo ta wata gardama ce da aka yi a teburin mai shayinmu a nan Lausu, daren Juma'ar da ta wuce. Wani yaro ne ya jefa tambaya, ya ce a duk faɗan da muka taɓa kallo wanne ne ya fi? Wallahi har mai shayi ya kashe wuta ya kife kofuna ba a tashi ba.

Ga wanda bai saba kallo ba, mutum biyu ake sakawa a keji mai kusurwa takwas. An yarda da naushi, da shuri, da gwiwa, da kokawa, da shaƙa. Idan faɗan kambu ne turmi biyar ake yi, kowane turmi minti biyar, a huta minti ɗaya a tsakani. Idan ba a samu wanda ya suma ko ya sallama ba, alƙalai uku su ba da maki. Ku riƙe maganar makin nan, za mu dawo kanta.

Wanda ya fi samun magoya baya a majalisa ba sai na faɗa ba, kun sani: Khabib da McGregor, 6 ga Oktoba 2018, a Las Vegas. Yawancinmu ba mu kalle shi kai tsaye ba. A wajen masu tura fina-finai a Rano aka samo shi, aka yi ta yaɗawa ta Xender, har wanda bai san mene ne UFC ba yana da shi a waya. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba don ƙwarewa kaɗai muke son faɗan nan ba. McGregor ya zagi mahaifin Khabib, ya taɓa ƙasarsa, ya taɓa addininsa, har giya ya miƙa masa a gaban 'yan jarida. Kafin nan ma, a watan Afrilu, ya kai wa motar da Khabib ke ciki hari a New York. To da aka kulle kejin nan, kowa a nan ji yake kamar shi aka zaga. Khabib ya yi ta kayar da shi yana danne shi, a turmi na biyu ma ya ɗirka masa wani naushin dama da ya sa ya tangaɗa, a turmi na huɗu ya maƙure masa wuya har ya daddaɓa hannu ya sallama. Sai kuma Khabib ya haure keji ya afka wa mutanen McGregor, abin da ya jawo masa tarar dala 500,000 da dakatarwar wata tara.

Na yarda faɗa ne mai tarihi. Amma na ce musu a matsayin faɗa, gefe ɗaya ya yi nauyi da yawa. In ka cire turmi na uku, McGregor bai yi wani abin kirki ba. Daɗin ramuwa muke ji, shi ya sa muke maimaita kallonsa. Da na faɗi haka kamar za a cinye ni.

Akwai 'yan Adesanya, su kuma sun rabu biyu. Wasu na cewa faɗansa da Kelvin Gastelum a Atlanta, Afrilun 2019, wanda aka shiga turmi na biyar kowa da turmi bibbiyu, fuskar Adesanya a kumbure, ya fito ya yi ta zubar da Gastelum har aka tashi. Wannan kam faɗa ne, ba ni da ja. Sauran kuma na cewa ramuwar da ya yi a kan Alex Pereira. Ku duba fa: mutumin nan ɗan Brazil ya doke shi sau biyu tun suna damben naushi da shuri, a 2016 da 2017, na biyun ma sumar da shi ya yi. Ya biyo shi UFC, ya ƙwace masa kambu a Nuwamban 2022 a New York. Sau uku ke nan. Sai ga 8 ga Afrilu 2023 a Miami, mu a nan cikin azumi ne, mun gama sahur muka tsaya. A turmi na biyu Adesanya ya jingina da keji ya rufe fuska kamar ya gaji, Pereira ya saki jiki yana ta duka, kawai sai dama ta fito, wata damar ta biyo, ƙato ya zube. Adesanya ya tsaya a kansa yana kwaikwayon harba kibiya har sau uku. Abokanmu na Kibiya har yau suna cewa garinsu ya gaisar.

Francis Ngannou ba a daɗe a kansa ba, domin faɗansa ba ya daɗewa. An tuna naushin da ya ɗaga kan Overeem da shi a Disambar 2017, da yadda ya kwantar da Stipe Miocic a Maris 2021 ya karɓi kambun masu nauyi. Ni labarinsa ya fi taɓa ni: yaron da ya tashi yana haƙar yashi a Batié ta Kamaru, ya ratso Najeriya da Nijar ya tsallake Sahara har Maroko, ya shiga Sifaniya aka tsare shi, ya kwana a titin Paris. Hanyar da yaranmu da yawa suka bi, wasu ba su dawo ba. Daga Maris 2021 zuwa Agustan 2022, kambu uku na UFC suna hannun haifaffun Afirka: shi, da Adesanya haifaffen Legas, da Kamaru Usman haifaffen Auchi.

To ga nawa zaɓin, kuma shi ne ya tayar da ƙura. Na ce faɗan da ya fi a wurina shi ne wanda aka kashe mana Usman. Usman da Leon Edwards, karo na biyu, a Salt Lake City.

Wani ya ce, "Kai dai ba ka da kishi." Ku tsaya ku ji.

Daren Asabar ne 20 ga Agusta 2022 a can Amurka, mu a nan wayewar Lahadi. Kun san matsalarmu da faɗan Amurka, babban faɗa ba ya zuwa sai wajen asuba. Mun haɗa kuɗin mai muka ba mai gidan kallo tun dare don ya tayar da inji. Damina ce, ga sauro, ga laima, benci duk ya jiƙe. Muka je muka yi sallah muka dawo a guje. Usman a lokacin ya ci faɗa 15 a jere a UFC, saura ɗaya ya kamo Anderson Silva mai 16. Shi ne haifaffen Afirka na farko da ya riƙe kambun UFC, tun da ya karɓe shi a hannun Tyron Woodley a Maris 2019. Ya fasa wa Covington baki, ya sumar da Masvidal da naushi ɗaya, kuma shi kansa Edwards ɗin ya taɓa doke shi a 2015. Babu wanda ya zo da fargaba.

A ranar na zo da kawuna. Mahauci ne, ya yi dambe da ƙuruciyarsa, irin na bayan kaka da ake zagaya garuruwa idan amfanin gona ya shigo gida. Har yanzu in ka kalli hannunsa na dama za ka ga shaidar zare. Na daɗe ina roƙonsa ya zo ya ga namu, kullum sai ya ce shi ba ya kallon mutanen da ke kwanciya a ƙasa suna rungume-rungume. Ranar dai ya biyo ni daga masallaci.

Turmi na farko Edwards ya ba mu mamaki, ya kayar da Usman, ya hau bayansa yana neman wuya. Kawu ya miƙe zai tafi, ya ce, "Ai an gama, an yi kisa." Na ce, "Kawu zauna, a nan faɗuwa ba kisa ba ce." Ya ce, "Mutum ya kai ƙasa ku ce ba a kashe shi ba?" Domin a dambenmu, ko hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa, shi ke nan, makaɗa sun canza kiɗa. Ya zauna yana girgiza kai.

Daga nan Usman ya karɓi faɗan. Turmi na biyu, na uku, na huɗu, duk nasa. Yana matse Edwards a jikin keji, yana kayar da shi, yana duka. Edwards ya koma kusurwarsa kai a sunkuye, mai horar da shi yana ta yi masa tsawa. Alƙalai ukun nan duk sun ba Usman 39 da 37. Wato ko da Edwards ya ci turmin ƙarshe da maki, kambu na nan a hannun Usman. Gari ya fara haske, mutane suka fara zamewa, wannan zai kai taki gona, wancan zai fito da shanu. Wasu har sun rubuta taya murna a Facebook.

Na juya na ce, "Kawu ka ga namu ko? Ya riga ya ci." Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Ɗan nan, bahagon nan bai mutu ba. Dubi ƙafarsa ta baya. Jira yake." Na yi dariya, na ce tsoho bai san maki ba.

Saura daƙiƙa 56 a tashi. Edwards ya nuna hagu kamar zai kai naushi, Usman ya kautar da kai gefe don ya kauce, ashe ƙafar hagu na tafe ta wannan gefen. Ta same shi a kai. Usman ya miƙe a ƙasa idonsa a buɗe, ba ya ganin kowa. Gidan kallon nan ya yi tsit, ƙarar inji kawai kake ji. Wani yaro a gabana ya ɗora hannu a ka ya fashe da kuka, wallahi da hawaye.

Kawu ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To wannan shi ne kisa." Ya fita abinsa.

Abin da ya sa na zaɓi faɗan nan ke nan. Mu da muke ganin mun san wasan, mun san sunayen alƙalai da lissafin maki, lissafin ne ya rufe mana ido. Shi da ya taso a dambe bai san wani maki ba. A tsarin da ya sani turmi uku ake yi, in babu kisa a raba ku, babu wanda ya ci, ko da kai ka fi kai duka. Saboda haka idonsa na kan abu ɗaya: wa ke da sauran abin da zai kashe da shi? Ya ga Edwards yana ta nuna hagun nan yana auna inda Usman ke kai kansa, mu kuwa muna kallon agogo. Na koma na kalli faɗan ya fi sau goma, kuma duk lokacin da aka zo minti na ƙarshe sai cikina ya ɗuri ruwa kamar ban san abin da zai faru ba. Faɗan Khabib bai taɓa yi min haka ba.

Sun sake haɗuwa a Landan a Maris 2023, Edwards ya sake ci, wannan karon da maki. Ba wanda ya ambaci wannan a majalisa, ni ma ban tsaya a kansa ba.

Wani abu da ya ɗan dame ni a gardamar: yaran da ke wurin sun san nauyin Pereira da ƙauyen su Khabib a Dagestan, amma da na tambaye su ɓangarorin dambe, mutum biyu ne suka iya kawo Kudu da Arewa da Guramaɗa. Ga Ado Bayero Square nan a Kano ana sa zare, kuɗin mota ne kawai tsakaninmu da shi. Sunaye irin su Ali Ƙanin Bello da Dogo Mai Takwasara ba baƙi ba ne ga duk mai bin dambe. Tsofaffinmu kuma, irin gardamar da muke yi a kan Khabib, ita suke yi a kan Shago da Ɗandunawa, waɗanda ba su bar musu bidiyo a waya ba, sai abin da idon mutane ya gani da abin da Ɗan Anace ya waƙe. Ban ce a daina kallon keji ba, ni ma gobe in an saka zan tashi. Na dai ce wanda ya iya tashi ƙarfe huɗu na dare don faɗan Las Vegas, bai kamata a ce bai taɓa zama a filin dambe da yamma ba.

Sannan ƙannena, don Allah maganar shaƙar nan. Na ga yara a bakin firamare suna gwada ta a junansu, wai su Khabib. Waɗancan da kuke gani akwai alƙali a tsaye a kansu, akwai likita a bakin keji, kuma da an daddaɓa hannu ake saki. Shaƙar nan jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa take tarewa, cikin 'yan daƙiƙu mutum ke sumewa, in ba a saki ba abin ya wuce suma. Wanda ya ga ƙaninsa na yi ya hana shi.

Gardama dai ba a gama ta ba. 'Yan Khabib sun fi yawa, sun ce sun ci. Na ce ba a yi kisa ba, turmi uku ne aka raba. Da safe na je wajen Kawu yana fiɗa, na ba shi labari, na ce, "Kawu, kai a naka ganin wanne ya fi?" Ya ce shi ɗaya ya taɓa kallo, kuma ya ishe shi. Sai da na juya zan tafi ya kira ni, ya ce, "Bahagon nan, yana nan yana yi?" Na ce yana nan, amma shi ma an karɓe kambun a hannunsa a 2024, wani Belal Muhammad ne ya karɓa. Ya ce, "Da kisa?" Na ce a'a, da maki. Ya yi tsaki ya ci gaba da aikinsa.

Mu haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.