Idan Mota Ta Afka Shago, Wa Zai Biya?



A bakin titunanmu, tsakanin kwalta da teburin mai shayi ko rumfar mai abinci, sau da yawa taku biyu ne kacal. Birki ya tsinke ko direba ya yi gyangyaɗi, sai ga mota a cikin shago: kasko ya kife, tafasasshen mai ya ƙona mai tuya, yaron shago ya karye a ƙafa.

Daga nan sai a ce ƙaddara ce, a yafe. Mun yarda da ƙaddara, amma hakkin wanda aka raunata yana nan. Doka ta ɗora alhaki kan direban da ya yi sakaci, da ubangidansa idan a bakin aiki yake. Tun Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta mayar da kuɗin inshorar dole ta motocin gida naira 15,000 a shekara. Inshorar tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, baya ga diyyar rauni ko rasa rai.

Direbobi, ku yanki inshora ta gaskiya, ku guji takardar bogi. Masu shaguna, idan tsautsayi ya faɗa, ku rubuta lambar motar, ku kai rahoto ga 'yan sanda, ku adana rasit ɗin asibiti, ku nemi hakkinku.