Hoton Cikin Waya da Hoton Cikin Akwati

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan ƙasar Kankiya da Kusada, a garin Kafin Soli



An nemi in yi magana a kan hotuna, kuma na san akwai masu ganin wannan ba abin tara jama'a ba ne. Ku yi mini haƙuri in fara da abin da ya same ni. Sa'ad da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, muka nemi hotonsa domin a wanke a raba wa dangi. Ni kaɗai na ɗauke shi sau da yawa, ranar salla, a gona, a zaure, amma dukkansu suna cikin wayar da aka zare mini a tasha. Na ƙanena kuwa sun tafi tare da memorin da ya daina buɗewa. Daga ƙarshe sai mahaifiyarmu ta buɗe akwatinta ta fito da wani ɗan hoto baƙi da fari, wanda wani mai hoto ya ɗauka tun kafin a haife ni, an rubuta suna da shekara a bayansa. Shi muka raba.

To, yaya aka yi mai hoto ɗaya ta fi masu dubu ajiya?

A shekarar 1975 ne wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta bukatar fim. Hoton da take ɗauka ɗigo dubu 10 ne kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe shi a kaset. Wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, ba a jima ba kyamara ta shiga aljihun kowa. Shi kansa Kodak, sarkin fim, sai da ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi a 2012. A dā sai mutum ya yi wanka ya sa babbar riga, ya biya kuɗi, ya jira a wanke, don haka yakan san darajar abin da ya karɓa. Yanzu kuwa ɗauka ta zama kyauta, abin da aka samu a ɓagas kuwa ba a cika killace shi ba.

Hoton waya fayil ne, watau tarin lambobi, yana nan muddin abin da ke riƙe da shi yana nan. Waya takan faɗa rijiya, memori yakan lalace, wani ma tun a kasuwa jabu ne, yana nuna girman da ba shi da shi. Masu cewa sun ajiye nasu a intanet su ma kada su saki jiki. A 2019 dandalin MySpace ya bayyana cewa ya yi asarar waƙoƙi da hotuna na shekaru masu yawa wajen sauya ma'ajiya. Google kuma ya daina ba da wurin ajiyar hotuna marar iyaka kyauta daga 1 ga Yuni, 2021. Balle wanda mai shago ne ya buɗe masa imel, bai taɓa sanin kalmar sirrinsa ba. Saboda haka duk hoton da ke wuri ɗaya tak, a ɗauka aro ne. A sa shi a waya, a kwafa a kwamfuta ko filas, a kuma ajiye na uku a wani gida dabam.

Sa'an nan ga batun suna. Waya takan raɗa wa hoto lamba, lamba kuwa ba ta gaya wa jika kome. Mu nan Katsina muna gane Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, a tsofaffin hotuna domin wani ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Na tsaye a bayansa kuwa galibi sun zama fuskoki kawai. Ku ware jaka ga kowace shekara, ku fara sunan fayil da shekara da wata da rana, sa'an nan wuri da sha'ani. Ku share goma ku bar ɗaya mai kyau. Ma'aikatan ƙananan hukumomi, wannan ya fi shafarku: hoton rijiyar burtsatse ko ajin da aka gina da kuɗin jama'a shaida ce ta ofis, bai kamata ya bi jami'i a wayarsa in an yi masa canjin wurin aiki ba.

Wajen wanki mutane suka fi cutuwa, su kuma ɗora wa mai shago laifi. Ka'idar masu ɗab'i ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6 yana son ɗigo 1,200 da 1,800, watau miliyan 2 da 'yan kai. Mai inci 8 da 10 kuwa ya haura miliyan 7. Kusan kowace wayar yanzu tana ɗaukar fiye da haka. Amma WhatsApp yakan matse hoto domin ya rage cin data, in kuma wani ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya sake turawa, sai ya ƙara dushewa. Wanda ke son a wanke, ya tura na asali a matsayin takarda, ko ya kai wayar da kansa. In an wanke, a rubuta sunaye a baya da fensir, a nisanta shi daga rana da laima da gara.

Rabawa kuma amana ce. Hoton da aka ɗauka cikin gida ranar biki ko suna, na matan aure da 'yan mata, ba mallakar mai waya ba ne shi kaɗai, kuma in ya fita ba ya kiranyuwa. A nemi izini. Kafin a miƙa waya ga mai gyara a cire memori, kafin a sayar a kwashe a goge.

Ina da roƙo ɗaya, ya Shugaba. Kafin hutun nan ya ƙare, kowane ɗalibi ya shiga ɗakin kakarsa ya roƙi a buɗe masa akwati. Ya shimfiɗa hotunan a inuwa da hantsi, ya ɗauke su da waya ciki da baya, ya zauna ya tambayi sunan kowa, da garin da aka ɗauka, da wanda ke sarauta a lokacin. Ni na yi wa tsohuwarmu haka bara, a hoto ɗaya ta ambaci mutum 7, ta tsaya a kan na takwas ta ce wadda ta san shi ta rasu.