Ƙarfi da Amana: Wa Ya Kamata Mai Kamfani Ya Ɗauka Aiki?



An nemi in yi magana a nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a kan yadda mai kamfani Musulmi yake tsara kasuwancinsa da yadda yake zaɓen ma'aikata. Zan fara da tsarin da muka gada.

Attajiran da, irin su Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955, sun gina dukiyarsu a kan tsarin ubangida da yaransa. Ɗantata ya yi fataucin goro tsakanin Gwanja da Kano, daga baya ya zama babban mai sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa. Yaro yakan tashi a gidan ubangidansa, ya koyi ciniki, a ba shi jari ya shiga ƙauyuka, a raba riba. Malaman fiƙihu suna kiran wannan ƙirali: dukiya daga wani, wahala daga wani, idan aka yi asara ba da sakaci ba, mai dukiya ne ke ɗaukarta. A kan irin wannan ginshiƙi bankin Jaiz ya buɗe a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba.

Tsarin ya yi aiki ne domin ubangida yana ganin yaronsa safe da yamma, ya san iyayensa, ya san masallacin da yake salla. Sanin mutum shi ne takardar shaida.

To, ku dubi Kalambaina, nan kusa da mu. An kafa kamfanin siminti na Sakkwato da ke can a 1962, yanzu yana hannun BUA na Abdussamad, ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u, malamin Alƙur'ani kuma attajiri. Gidan ilimi ne da ciniki. Amma tukunyar da ke ƙona farar ƙasa da zafin da ya haura digiri 1,400 ba ta tambayar ɗan gidan wane ne ke lura da ita. Injiniya take so. Wanda ya ɗora ɗan ƙanensa a wurin don zumunci kawai, ya cuci yaron, ya cuci masu hannun jari.

Suratul Ƙasas ta ba mu ma'auni a labarin Annabi Musa a Madyana, inda aka ambaci sharuɗɗa biyu na ma'aikaci: ƙarfi da amana. Ƙarfi a yau shi ne ƙwarewa, ana gwada ta da jarrabawa da aiki. Amana kuwa, tunda ba a san kowa ciki da bai ba, sai a tsare ta da rubutacciyar yarjejeniya da binciken kuɗi. Ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da rubuta bashi.

Saboda haka addinin mai kamfani ba a auna shi da yawan 'yan ɗariƙarsa ko 'yan ƙungiyarsa da ya ɗauka. A duba ko yana biyan albashi kan lokaci, ko buhunsa na kilo 50 ya cika, ko yana fitar da zakka, ko ƙurar masana'antarsa ta hana maƙwabta noma.

Ku kuma ɗalibai, kada ku dogara da wasiƙar wani babba. Ku koyi aikin da za a neme ku dominsa, ku riƙe gaskiya ko da ba mai ganinku.