Shekarar Da Aka Naɗe Barguna

A ƙasar Amurka mata suna da wata sana'a. Su kan tara ƙyallaye iri iri, su harhaɗa su da allura, su sa auduga a tsakani, ya zama bargo mai zane. Wani bargon ya kan ci shekara guda ana ɗinkinsa. A kan yi taron nuna su a garin Faduka cikin watan Afrilu, a birnin Hustan kuma wajen Oktoba ko Nuwamba.

A 2020 annobar korona ta hana duka biyu, na Faduka ma bai komo ba sai 2022. Ba wurin gardama, gama da yawa cikin masu zuwa tsofaffi ne, cutar kuwa ta fi kashe tsofaffi.

Amma ku dubi tsohuwar da ta gama nata, ta naɗe, ta sa a akwati. An nuna waɗansu ta intanet, sai dai hoto ba ya nuna ƙanƙantar ɗinki, balle ya kawo mata ƙawar da ta kan gani sau ɗaya a shekara. Da yawansu suka ɗauko ragowar ƙyallayen, suka shiga ɗinka takunkumi suna aika wa asibitoci.